Kafin ka sayi jakuzi: kuɗin da za ka biya a shago da wanda zai biyo ka gida

Mai karatu, idan ka taɓa ratsa layin masu sayar da kayan banɗaki a kasuwar Dei-Dei ta Abuja ko Odun-Ade a Legas, ka ga yadda ake jera su a bakin shago, farare fat, wasu da fitilu shuɗaye, wasu har da rediyo a jiki. Da ka tsaya kallo yaron shago zai matso ya ce, "Alhaji, yanzu shi ake yayi, duk wanda ya yi sabon gini sai ya sa." Wataƙila kuma ka taɓa shiga banɗakin wani gida na alfarma ka tarar da irin wannan baho ya zama ma'ajiyar bokitai da kayan wanki, ƙura ta rufe maɓallansa, rabon da a kunna shi tun makon tarewa. Abin da ya faru tsakanin shagon da wancan banɗaki shi ne masu gidan sun biya kuɗin da aka rubuta a rasit, ba su lissafa wanda zai biyo baya ba.

Sunan da muke kiransa da shi sunan wani iyali ne. 'Yan gidan Jacuzzi mutanen Italiya ne da suka yi ƙaura zuwa Kalifoniya ta Amurka a farkon ƙarnin da ya wuce, sana'arsu ta koma ƙera famfunan ruwa. Ɗaya daga cikinsu, Candido Jacuzzi, ɗansa ya kamu da amosanin gaɓɓai tun yana ƙaramin yaro, kuma gashin ruwan ɗumi da ake yi masa a asibiti yana ba shi sauƙi. Sai uban ya ƙera ɗan famfon da ake tsomawa a bahon gida ya riƙa motsa ruwa. A 1956 suka fara sayar da shi, a 1968 kuma Roy Jacuzzi ya fito da baho mai famfo da bututu a jikinsa. Wato asalin abin don majinyaci aka yi shi, kuma har yau amfaninsa na gaskiya bai wuce nan ba: ruwan ɗumi yana sassauta jijiyoyi da tsoka, yana rage raɗaɗin gaɓɓai da ciwon baya na ɗan lokaci, wasu kuma yana taimaka musu su samu barci idan sun shiga awa ɗaya ko biyu kafin kwanciya. Ba ya warkar da hawan jini, ba ya warkar da ciwon suga, ba ya narkar da teɓa. Duk mai shagon da ya gaya maka haka, cinikinsa yake nema.

Abu biyu ne, suna ɗaya

Tambayar farko da za ka yi wa kanka ita ce wanne kake nufi, domin abu biyu ake kira jakuzi a kasuwa kuma ɗawainiyarsu ba ɗaya ba ce.

Akwai na cikin banɗaki, wanda ake tara masa ruwa a shiga, a gama a zubar. Yakan ci lita 200 zuwa 400, mutum ɗaya ko biyu yake ɗauka, kuma shi ne aka fi gani a gidajenmu. Sai kuma babban, na tsakar gida ko bayan gida, wanda Turawa suka fi sani. Shi wannan yana ɗaukar mutum huɗu zuwa bakwai, ruwansa lita 1,000 zuwa 2,000, kuma ba a zubarwa bayan kowane wanka. Ruwa ɗaya ne yake zama wata uku ko huɗu, famfo yana zagayawa da shi ta cikin matata, hita tana riƙe da ɗuminsa, ana zuba masa magani. Ka riƙe wannan, don kusan duk tsada da duk haɗarin da za mu ambata daga nan suka taso.

Babban ma hawa-hawa ne. A kasuwar Amurka, inda aka fi cinikinsa, na roba wanda ake hura wa iska yakan kama daga dala 400 zuwa 1,000 ko sama kaɗan, amma shekaru kaɗan yake yi ya fara yoyo, kuma hitarsa ƙarama ce, digiri ɗaya zuwa biyu take ƙarawa a awa guda. Na tsakiya, wanda aka zuba da roba mai tauri gaba ɗaya, yana farawa daga wajen dala 3,000. Mai santsi da ƙyalli, wanda ake yi da akirilik, daga wajen dala 6,000 ne zuwa 15,000, manyan ciki kuma suna haura dala 20,000. Ka buga wannan da canjin ranar da kake karanta jaridar nan, ka ɗora kuɗin jirgi da na kwastan da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari da ribar ɗan kasuwa. Shi ya sa farashin da aka gaya maka a watan jiya ba lallai ka same shi yau ba. Na cikin banɗaki ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba, galibinsu daga Chana ake shigo da su, amma a nan ne ingancin ya fi bambanta: baho biyu za su yi kama a ido, ɗaya kauri, ɗaya kuwa ka danna gindinsa da tafin hannu ka ji yana lotsawa.

Wani tarko da masu son na hannu ke faɗawa shi ne na wuta. Lantarkin Najeriya bolt 230 ne a kan zagaye 50, na Amurka kuwa 120 ne ko 240 a kan zagaye 60. Bahon da aka ƙera don gidan Amurka ba zai zauna daidai da wutarmu ba, ko an sa masa taransifoma famfonsa ba zai yi gudun da aka tsara masa ba. Ka duba ɗan allon da ke manne kusa da injin. Idan ba ka ga 220 zuwa 240 da 50Hz ba, ka bar shi ko da rabin kuɗi aka sallama maka.

Yanzu mu zo lissafin da mai shago ba zai yi maka ba. Ɗumama lita ɗaya ta ruwa da digiri ɗaya yana cin wuta daidai gwargwado a ko'ina a duniya, babu kamfanin da ya isa ya canza shi. Ka ɗauki baho mai lita 1,500, ruwan tankinka yana digiri 25, kana so ya kai 38. Wannan kusan yunit 23 ne a mitarka, kuma hita mai kilowat uku sai ta yi awa bakwai da rabi tana aiki ba tsayawa kafin ta kai shi. Idan kana rukunin Band A, wanda hukumar NERC ta kai kuɗin yunit ɗinsa naira 225 a Afrilun 2024 kafin a ɗan sassauta, mu ɗauki naira 210 don sauƙin lissafi: naira 4,800 ke nan a ɗumamawar farko kawai. Bayan nan famfon tacewa zai riƙa aiki kullum, hita tana tashi tana cike gurbin zafin da ya fita. Ko da yunit biyar kacal yake ci a yini, ka tashi da naira 31,500 a wata, a shiga ko kada a shiga. Idan kuwa unguwarku ba ta samun wuta sosai, to janareta ne zai ɗauka, kuma hitar da famfon tausa idan suka haɗu sun kai kilowat biyar. Ƙaramin janaretan fitila da fanka ba zai ko motsa shi ba, batiran sola na gida kuwa cikin ɗan lokaci zai zuƙe su.

Matsalar ɗauke wuta ba ta tsaya a kuɗi ba. Duk sa'ar da famfo ya tsaya, ruwa mai ɗumi yana kwance ba tacewa. Kwana biyu ko uku a haka ya isa ya yi kauri ya fara wari. Wanda aka yi watsi da shi a buɗe kuwa gidan sauro ne ka gina da kuɗinka a tsakar gidanka.

Na cikin banɗaki lissafinsa ya fi daɗi: lita 250 kusan yunit huɗu ne, wajen naira 800 a kowane wanka. Amma akwai abin da ake mantawa. Hitar bango mai lita 15 ko 30 da ke yawancin banɗakunanmu ba za ta cika shi ba. Kafin ka samu lita 250 na ruwa mai ɗumin da ya dace, kana bukatar wajen lita 80 na ruwan zafi sosai ka sirka da na sanyi. Mutane da yawa sai bayan an gama liƙa tayil suke gano haka, su shiga ruwa mai sanyi-sanyi sau biyu, daga nan bokiti ya dawo bakin aikinsa. Idan tun ana gini ka yanke shawara, hitar rana ta kan rufi mai lita 150 ko 200 ita ta fi dacewa da ƙasarmu.

Ruwan kansa fa? Lita 1,500 jarka 60 ce mai lita 25. Wanda ke sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa ko tanka ya san abin da wannan ke nufi. Mai rijiyar burtsatse shi ma bai tsira ba. A sassan Legas irin su Lekki da wasu garuruwan bakin teku, ruwan ƙasa yakan zo da sinadarin ƙarfe ko gishiri, ya rina farin baho ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, ya ci hita. A wasu wuraren kuma farin dutse ne yake taruwa a bututu ya toshe shi. Ka kai ruwanka a auna kafin ka saya, don mai yiwuwa sai ka ƙara da na'urar tace ruwa, wadda ita ma kuɗi ce.

Sai nauyi, wanda shi ne aka fi rainawa. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Ruwa kilo 1,500, bahon kansa wajen 350, mutum biyar wasu 350: tan biyu da ɗoriya a kan fili mita biyu tsawo mita biyu faɗi, wato sama da kilo 500 a kowace murabba'in mita. Daɓen benen gidan zama yawanci ana lissafa shi ne a kan kilo 150 zuwa 200. A ƙasar da muke yawan jin labarin ruftawar gini, kada ka yarda birkila ya ce maka "zai ɗauka, Alhaji." Idan a bene ko baranda kake so, injiniyan gini ne zai duba zanen ya sa hannu. A ƙasa kuma sai an zuba masa kankare mai kaurin aƙalla santimita goma, shimfiɗaɗɗe ba karkata. Idan gidan haya kake, sai da iznin mai gida a rubuce.

Wa zai shiga, wa ba zai shiga ba

Nan ne abin ya shafi wannan shafi kai tsaye. Kafin ka ciro kuɗi, ka zauna ka lissafa mutanen gidanka ɗaya bayan ɗaya.

Zafin ruwan kada ya wuce digiri 40 ko ga ƙaƙƙarfan mutum mai lafiya, 37 zuwa 38 ya wadatar, kuma minti 15 ya isa a fito. A cikin ruwan zafi gumi ba ya sanyaya jiki, jijiyoyin jini suna buɗewa, bugun zuciya yana ƙaruwa, awon jini yana sauka. Shi ya sa wasu ke jin jiri idan sun miƙe, kuma wanda ya suma a cikin ruwa, ko bai kai ƙugu ba, zai iya nutsewa. A garin da zafin rana ke kai digiri 35 da danshi, kamar Legas ko Fatakwal, jiki ya fi saurin galabaita. Gaskiya ma mutumin Jos ko wanda hunturu ke kaɗawa sosai shi ya fi cin moriyar wannan kaya. Mazaunin kudu watanni kaɗan ne a shekara zai yi marmarinsa.

Ke uwargida, idan kina da juna biyu, musamman watanni ukun farko, ki nisance shi. Idan zafin cikin jikin mai ciki ya haura digiri 39, haɗarin tawaya a laka da ƙwaƙwalwar jariri yana ƙaruwa, kuma a wannan lokacin mace da yawa ba ta ma san ta ɗauka ba. Mai jego ma kada a ce an samo mata wankan jego na zamani. Likitoci suna so a jira jini ya ɗauke, ɗinki ya warke, kafin mace ta zauna cikin ruwa tsundum, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka ja hankali kan yawan ciwon zuciya bayan haihuwa a inda ake tsananta zafi ga mai jego tare da kunun kanwa. Kai kuma maigida, idan kuna neman haihuwa, yawan zama a ruwan zafi yana rage yawan maniyyi da kuzarinsa, ko da yake yakan dawo bayan 'yan watanni da dainawa.

Mai ciwon zuciya, da mai shan maganin hawan jini, da mai farfaɗiya, su tambayi likitansu tukuna. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta fara mutuwa ba ya jin zafi sosai, zai iya ƙonewa bai sani ba, kuma idan akwai gyambo ko ƙaramin rauni a ƙafar kada ya tsoma ta. Wanda ya sha maganin barci ko maganin mura mai sa gyangyaɗi, ya haƙura a ranar. Abin tausayin shi ne sau da yawa don Baba ko Hajiya ake sayen bahon, saboda ciwon gwiwa, alhali su ne suka fi shiga wannan jerin. Ga su kuma ga santsi, ga tsallake bakin baho mai tsayi.

Yara kuwa, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce 'yan ƙasa da shekara biyar kada su shiga sam. Jikinsu ya fi saurin ɗaukar zafi, kuma yaro yana nutsewa shiru, ba ihu ba fantsama. Gidanmu na Hausa ba ya rabo da yara, naka da na maƙwabta da na baƙi, don haka murfi mai makulli wajibi ne, ba ado ba. Akwai kuma ramin da famfo ke zuƙar ruwa ta cikinsa. A watan Yunin 2002 wata yarinya 'yar shekara bakwai, Virginia Graeme Baker, jikar tsohon sakataren harkokin wajen Amurka James Baker, ta rasu bayan irin wannan rami ya zuƙe ta ya riƙe a ƙasan ruwa, mahaifiyarta ta kasa ɓamɓaro ta. Mutuwarta ce ta jawo dokar da aka sa wa hannu a Disambar 2007 wadda ta tilasta sa marufi na musamman a kan ramukan. Ka leƙa ka gani da idonka: marufin ya zama mai tudu, a ɗaure da kusoshi, kuma ramin zuƙa ya fi ɗaya. 'Yan mata masu dogon gashi ko kitson da aka ƙara wa tsawo su ɗaure shi sama, kuma kada kowa ya nutsar da kai.

Ruwan ɗumi da ke zaune gona ce ta ƙwayoyin cuta. Wadda aka fi gani ita ce Pseudomonas, mai fesar da jajayen ƙuraje masu ƙaiƙayi kwana ɗaya zuwa uku bayan wanka, musamman inda tufafi ya manne a jiki, takan kuma sa ciwon kunne. Mai haɗarin ita ce Legionella, wadda ke yaɗuwa a ruwa mai zafin digiri 25 zuwa 45, daidai inda jakuzi yake zama. Ba shan ruwan ake yi a kamu ba, tururin da kumfa ke tayarwa ake shaƙa, ya zama ciwon huhu mai tsanani. A 1999, a wani bajekolin furanni a garin Bovenkarspel na ƙasar Holan, wani baho da aka kunna don talla ya yi sanadin mutuwar sama da mutum 30. A Satumbar 2019 an sake yin irin haka a wani bajekoli a jihar North Carolina ta Amurka, sama da mutum 130 suka kwanta, huɗu suka rasu. Waɗannan mutane ba shiga suka yi ba, wucewa kawai suka yi ta gefensa. Tsofaffi da masu shan taba da masu raunin garkuwar jiki su ta fi kayarwa. A nan gida kuma zazzaɓi da tari idan suka zo, maleriya da taifot za a fara zargi, don haka idan wani ya kwanta bayan amfani da bahon, ku gaya wa likita da bakinku.

Maganin wannan aiki ne na kullum. Kilorin a ruwan kada ya gaza kashi 3 cikin miliyan, idan kuma buromin ake sawa 4 zuwa 8, ma'aunin tsamin ruwa, wato pH, ya zauna tsakanin 7.2 da 7.8. Ana aunawa da 'yan tsinkayen takarda masu canza launi kafin a shiga, domin zafi yana cinye kilorin da sauri. Ana wanke matata duk mako ko biyu, a sauya ruwa duk wata uku zuwa huɗu. Kowa ya yi wanka da sabulu kafin ya shiga, don man shafawa da gumi su ne ke kashe ƙarfin maganin. Jakuzi ba wurin cuɗa ba ne. Ko na banɗaki da ake zubar da ruwansa, akwai ragowar da ke kwana a bututu, sai an riƙa cika shi ana zagaya maganin wanke bututu aƙalla sau ɗaya a wata. Ka tambayi kanka tsakani da Allah wa zai riƙa yin wannan a gidanka. Idan amsar ita ce yaron gida da ba a koya masa ba, to ba a yi ba. Magungunan kuma a kulle su nesa da yara, kada a taɓa haɗa kilorin da wani sinadarin wanke banɗaki.

Idan duk ka auna ka ga za ka iya, to a shago kada yawan ramukan feshi da fitilu su ruɗe ka. Baho mai rami 60 da ƙaramin famfo bai kai mai rami 25 da famfo mai ƙarfi ba. Ka cire takalmi ka shiga ciki a bushe ka zauna, ka ji ko kujerar ta yi daidai da tsawonka da na uwargida. Ka sa a buɗe gefen ka ga ko an cusa abin riƙe zafi, ka ɗaga murfin ka ji kaurinsa, don ta sama yawancin zafi ke gudu. Ka tambayi garanti a rubuce, kuma a rarrabe: shekara nawa a kan jikin bahon, nawa a kan famfo da hita da allon maɓallai, domin su ne ke fara mutuwa, musamman da wutarmu mai hawa da sauka. Sannan ka ce a nuna maka famfo da hita da matata na canji a kan kanta, yau, ba "za mu yi oda" ba, a kuma ba ka sunan mai gyaran da ke garinku.

Wajen haɗawa, kada ka bar wa mai gyaran famfo aikin wuta. Bahon yana bukatar layinsa shi kaɗai daga allon rarraba wuta, da waya mai kaurin da ya dace, da wayar ƙasa da aka auna aka tabbatar tana aiki, da na'urar RCD mai miliamfiya 30 wadda ke katse wuta nan take idan ta fara zurara cikin ruwa. Gidaje da yawa a ƙasar nan ba su da ita, wasu ma wayar ƙasar a jikin soket kawai take, ba ta je ko'ina ba. A jikin na'urar akwai ɗan maɓallin gwaji. Ka sa mai wayarin ya danna shi a gabanka ka ga wutar ta ɗauke kafin ka biya shi cikon kuɗinsa, kai ma ka riƙa danna shi duk wata. Kuma ka tabbata mai liƙa tayil ya bar ƙofar da za a iya kaiwa ga injin, don an sha fasa bangon banɗaki sabo fil saboda famfon da bai fi a kwance shi cikin minti goma ba.